Igiya a Goshi: Kwana Biyar a Darjilin

Ƙarfe takwas na safe ta ɗan gota lokacin da jirgin da muka kwana a cikinsa daga Kolkata ya sauke mu a tashar New Jalpaiguri, a gefen garin Siliguri. Ƙarshen watan Oktoba ne, amma a nan ƙasa zafi bai gama sakin gari ba. Ni da abokin tafiyata, wani malamin asibiti mutumin Maraɗi da muka yi kwas na wata uku tare, mun ƙulla tun a aji cewa ba za mu koma gida ba sai mun sa tsaunukan Himalaya a ido. Shi dusar ƙanƙara yake marmarin gani. Ni kuwa shayi ne ya jawo ni. Mahaifina a Zariya ba ya karya kumallo sai da shayi, kuma tun ina ƙarami akwai wani tsohon gwangwani a saman kabad ɗinsa, fenti duk ya kankare, amma in ka matsa kusa za ka karanta sunan Darjilin a jikinsa. Ganyen ciki ya ƙare tun kafin a haife ni, allura da maɓallai ake zubawa. Sunan dai ya zauna mini a ka.

A bakin tasha motocin haya ne jere, irin jif ɗin nan masu dogayen ƙafafu, kowace tana cin mutum goma, kaya a ɗaure a sama. Muka samu kujerar tsakiya. Siliguri na zaune ne a kan wani siririn zirin ƙasa da faɗinsa a wani wurin bai wuce kilomita 22 ba, Nepal a wannan gefe, Bangladesh a wancan, kuma shi kaɗai ya riƙe arewa maso gabashin Indiya da sauran ƙasar. Garin shimfiɗe yake kamar faifai. Da muka fita daga cikinsa sai ga gonakin shayi na farko a kwance, sai daji mai dogayen itatuwa, sai kawai hanya ta ɗaga kai sama.

Kwana ce bayan kwana, babu inda mota za ta miƙe ta huta. Direba ba ya shiga kwana sai ya danna hon, domin ba ka ganin mai saukowa sai kun yi kiciɓis. A hannun dama dutse, a hagu kwazazzabo wanda ba ka hango ƙarshensa. Kunnena ya toshe ya buɗe ya fi sau biyar. Kafin mu kai Kurseong kowa ya zaro rigar sanyi, hazo kuma yana shigowa ta taga kamar hayaƙin murhu, sai dai shi da sanyi da laima yake zuwa. A nan direba ya tsaya muka ci momo, wani ƙullin fulawa ne da ake cusa masa kabeji da albasa a turara, a ci da yajin tumatir mai zafin gaske. Daga Kurseong layin dogo ya manne wa hanya, yana tsallaka ta daga wannan gefe zuwa wancan, yana bi ta ƙofar shaguna, har na ga mai kayan miya ya shimfiɗa tumatir da tattasai a kan dogon kansa. In ya ji usur zai ja tabarmarsa baya.

Bayan awa uku da wani abu muka sauka a tashar mota da ke kasuwar ƙasan Darjilin, a tsayin mita dubu biyu da ɗoriya. Masaukinmu yana can sama, mota ba ta isa, sai matattakala. Muna tsaye muna duban akwatunanmu sai ga wata mata, za ta kai shekara hamsin, gajeriya, sanye da takalmin roba da mayafin ulu. Ba ta yi dogon ciniki ba. Ta kwance wata igiya daga ƙugunta, ta haɗa akwatunan biyu ta ɗaure, ta tsuguna ta juya musu baya, ta ɗora faffaɗan tsakiyar igiyar a saman goshinta, ta yunƙura ta miƙe. Abokina ya riƙe hannuna.

"Malam, wannan fa sa'ar babbar yayata ce. Ya za a yi mu bi ta hannu na dukan cinya?"

Na ce mata, "Didi," wato yaya, kamar yadda na ji ana kiran mata a nan, na nuna mata da hannu cewa za mu ɗauki ɗaya. Ta girgiza kai, ta ce wani abu da harshen Nepali, wani yaro ya fassara mana: in mun rage kayan mun rage mata kuɗi. Sai muka bi ta.

A ƙasarmu a ka ake ɗaukar kaya, a kan gammo, mutum a miƙe yana kallon gabansa. A nan baya ne ke ɗauka, goshi ke riƙewa, mai kaya a sunkuye, idonsa a kan matakalar da zai taka. Igiyar sunanta namlo. Matar tana tafiya da ƙananan taku, ba sauri ba tsayawa, hannayenta biyu riƙe da igiyar a kusa da kunnuwanta, numfashinta na fita da ɗan fito. Mu da ba mu ɗauki komai ba sau uku muna tsayawa neman iska. Da muka isa ta jingina kayan a kan wani dakali, ta zare igiyar, sai na ga shatinta ja wur a saman goshinta, gashin wurin ya kwanta ya yi sanƙo-sanƙo. Ta karɓi kuɗinta da hannu biyu, ta naɗe igiyar a ƙugu, ta juya ta gangara. A kwana biyar ɗin da na yi, na ga an hau da tukunyar gas da wannan igiya, da buhun siminti, da katifa, da firji.

Garin nan ba tsohon gari ba ne irin Kano ko Katsina da suka tsiro da kansu. Ƙirƙirarsa aka yi. Dā daji ne na mutanen Lepcha a ƙarƙashin Sarkin Sikim, akwai wani wurin ibadar mabiya Buda a kan tudu da ake kira Dorje Ling, wato wurin aradu, daga nan sunan ya samo asali. A 1829 wasu jami'an Kamfanin Gabashin Indiya biyu, Lloyd da Grant, suka biyo ta wurin kan wata rigimar iyaka, suka ga ya dace da wurin jinya da shan iska ga Turawan da zafin Kolkata ke kashewa. A 1835 aka sa Sarkin Sikim ya ba da tudun, daga baya aka yanka masa rupi 3,000 a shekara, aka ƙara zuwa 6,000. A 1839 aka naɗa wani likita, Archibald Campbell, ya riƙe wurin. Ana cewa mutanen da ya tarar ba su fi ɗari ba, amma cikin shekara goma suka kai dubu goma, yawancinsu daga gabashin Nepal aka jawo su domin sare daji da fasa dutse da dako. A 1849 Sikim ta tsare Campbell da wani masanin tsirrai, Joseph Hooker, saboda sun ƙetare iyaka ba izini. Turawa suka fake da wannan, suka daina biyan kuɗin, suka haɗiye ƙarin ƙasa a 1850.

Duk wanda ya san Jos zai gane tsarin. Sama ta masu hutu ce, can ne coci-coci da gidajen kulob da manyan makarantun kwana irin su Loreto ta 1846 da St Paul's da aka dawo da ita nan a 1864. Ƙasa ta masu aiki ce, kasuwa da mahauta da ɗakunan kwano a cunkushe. Turawan sun tafi tun 1947, amma har yau in kana son sanin matsayin unguwa, duba yawan matakalar da ke tsakaninta da dandalin Chowrasta, inda baƙi ke zama a kan benci suna shan hantsi, yara na hawan ƙananan dawaki a gaban mutum-mutumin Bhanubhakta, babban mawaƙin harshen Nepali.

Mai masaukinmu wata dattijuwa ce, tsohuwar malamar firamare. Abu na farko da ta nuna mana bayan gado da bargo shi ne bokiti biyu. Ta ce wannan ne ruwanku na yini, ku lallaɓa. Abin ya ɗaure mini kai, domin tun da muka fara hawa ko'ina a jiƙe yake, gansakuka har a jikin bango, ga damina mai ƙarfi da suke samu. Ta yi mana bayani a hankali. Ruwan gari daga tafkunan Senchal yake zuwa, guda biyu da Turawa suka gina a 1910 da 1932, lokacin da mutanen gari ba su taka kara sun karya ba. Ƙidayar 2011 ta nuna sun kusa dubu ɗari da ashirin, ban da baƙi da ke cika otal-otal. Famfo yakan yi kwanaki bai kawo ba, sai a sayi na tanka. Washegari na lura da siraran bututu a ɗaure dami-dami suna bin gefen titi, kowane gida da nasa, na kuma ga yara da jarkoki a layi a bakin wani marmaro, kamar dai unguwarmu da rani. Na saba da tattalin ruwa, buta ɗaya ta ishe ni alwala. Abin da ban saba da shi ba shi ne sanyinsa. Ko jaurar Zariya a tsakiyar hunturu ba ta sa yatsuna sun ƙage haka ba.

Ƙarfe uku da rabi na daren kwana na biyu aka ƙwanƙwasa mana ƙofa. Za mu Tiger Hill, wani tudu mai tsayin mita 2,590, kilomita goma sha ɗaya daga gari. Motoci sun yi jerin gwano a cikin duhu, fitilunsu na lanƙwasa da hanya har sama. Mata masu sayar da kofi suna shiga motocin a kyauta da manyan fulas ɗinsu, su sayar a can, su dawo. Da muka isa muka keɓe bayan wata mota muka shimfiɗa mayafi muka yi Asuba, ƙasa na huda goshi don sanyi. Sannan muka shiga cikin jama'a.

Kowa gabas yake kallo yana jiran rana. Wani dattijo ya taɓa kafaɗata ya juya ni arewa. Da fari ban ga komai ba sai wani fari-fari a sama, na ɗauka gajimare ne, domin hankalina bai yarda ƙasa za ta kai can ba. Sai kan abin ya kama ja kamar garwashi, alhali mu muna cikin duhu. Jan ya gangaro a hankali ya koma ruwan goro, ya koma ruwan zinariya, sannan ya yi fari fat har ido ba ya iya tsayawa a kai. Kanchanjanga ke nan, mita 8,586, tsauni na uku a duniya, yana da tazarar kimanin kilomita saba'in daga inda muke amma ka ce miƙa hannu za ka yi. Tsakaninmu da shi kwaruruka ne cike da gajimare a kwance kamar an baza auduga. Abokina ba ya cewa komai sai "Tabarakallah", hawaye na bin kumatunsa, ban tambaye shi na sanyi ne ko na mene ne ba. Ni ma na daɗe ban ji ƙanƙantata a gaban ikon Allah kamar wannan safiya ba.

Sunan na nufin taskoki biyar na dusar ƙanƙara, saboda kawunansa biyar. Har zuwa 1852 shi ake ɗauka mafi tsawo a duniya. Mutanen Sikim suna girmama shi ƙwarai, shi ya sa a 1955 da Joe Brown da George Band suka fara hawansa, sun tsaya 'yan taku kaɗan kafin ƙololuwa, saboda alkawarin da aka yi wa Sarkin Sikim cewa ba za a taka ta ba. Wannan cika alkawari ya burge ni.

Da hantsi muka hau ƙaramin jirgin ƙasan nan da garin ya yi suna da shi, daga Darjilin zuwa Ghum mu dawo. Faɗin dogon ƙafa biyu ne kacal. An gina shi tsakanin 1879 da 1881, tsawonsa kilomita 88 daga ƙasa, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1999. Kan jirgin shuɗi ne, ɗan ƙarami, da kwal yake aiki, wasu daga cikinsu sun haura shekara ɗari. Na tsaya kusa ina kallon masu aikinsa kafin mu tashi. Ɗaya yana saman tulin kwal yana farfasa shi da guduma, ɗaya yana zuba wa wuta da shebur, fuskarsa baƙi ƙirin sai idanu. A can gaba kuma akwai mai zama a kan hancin jirgin da akwatin yashi, in an zo hawa mai santsi sai ya riƙa barbaɗa yashin a kan dogo da hannunsa don ƙafafun su kama. Jirgin yana tafiya kamar mai keke, yana huci, burbushin kwal na shigowa ta taga yana sauka a kan hula. A Batasia dogon yana zagaya kansa ya yi da'ira don rage tsinin gangare, aikin 1919 ne, a tsakiyar da'irar kuma akwai hasumiyar tunawa da sojojin Gorkha, wato masu jin Nepali, da suka mutu a yaƙe-yaƙen Indiya. Tashar Ghum tana kan mita 2,258, babu tashar jirgin ƙasa da ta fi ta tudu a ƙasar.

A cikin taragon nan kakana ya faɗo mini a rai. Mu ma mun taɓa yin irin wannan jirgi, siririn dogon da ya tashi daga Zariya ya hau dutse zuwa Jos da Bukuru domin kwaso kuza, aka rufe shi a 1957. Kakana yana cikin waɗanda aka ɗiba aikin tilas a ramukan kuza lokacin yaƙin Hitila, kuma har ya rasu in ya ba da labarin ba yunwar yake fara ambata ba, sanyin yake ambata, da kwanon ƙasa a ka tun asuba. Namu dogon an tumɓuke shi. Nasu ya zama abin da baƙi ke biyan kuɗi mai yawa su hau.

Kwana na uku na ware wa shayi. Muka gangara wani gandu da ke ƙasan gari, ta wata siririyar hanya mai santsi. Daga nesa gandun shayi kamar koren kafet yake, an lulluɓe tudu da shi. Sai ka shiga za ka gane tsayuwa ma aiki ce, domin gangaren ya yi tsinin da ƙafa ɗaya kullum tana sama da ɗaya. Bishiyoyin gajeru ne iya ƙugu, kututturensu murɗaɗɗe, gansakuka ta rufe su, wasu tun na zamanin Turawa ne. Campbell ɗin nan shi ya fara gwada irin shayin ƙasar Sin a lambunsa a 1841. Zuwa 1874 gandaye sun kai 113. Yanzu 87 ne doka ta yarda su kira ganyensu da sunan Darjilin, kuma a 2004 shi ne kaya na farko a Indiya da aka yi wa rajistar sunan asali don hana jabu.

Mata ne ke tsinka, su goma sha wani abu a jere, kowace da dogon kwandon gora a baya, doko suke ce masa. Abin da ke riƙe da kwandon kuwa igiyar nan ce dai, a goshi. Na roƙi izini na tsaya kusa da wata, ta yi murmushi ta ci gaba da aikinta. Ta ɗaura wani yankin leda mai kauri a ƙugu don kada reshe da raɓa su cinye mata zane. Hannu biyu take aiki da su lokaci guda, babban yatsa da manuni, ba ta ɗaukar komai sai ganye biyu na sama da toho ɗaya a tsakaninsu. In tafin ya cika sai ta wurga ta bayan kafaɗa ba tare da ta waiwaya ba, bai taɓa faɗuwa ƙasa ba. Yatsunta sun yi baƙi, sun tsattsage a gefen farce, ta naɗe biyu da tsumma. Ta miƙo mini toho ɗaya, na murza shi, yana da laushin gashi fari-fari a bayansa, ƙamshinsa kamar ɗanyar ciyawar farkon damina.

Saurayin da ke yi mana jagora ɗan gandun ne, a nan aka haife shi, uwarsa ma tsinka take yi, kakarsa ma haka. Na ce masa, "Bhai," wato ɗan'uwa, "nawa ake biyansu?" Ya ce rupi 250 a yini, kuɗin da gwamnatin jihar Bengal ta Yamma ta tsayar a 2023, kusan dala uku ke nan, sai ɗan ƙari in mutum ya wuce awon da aka yanka masa. A shagon da ke bakin masana'anta na ga ƙunshin gram ɗari na tsinkar farko da ya ninka wannan kuɗi sau da yawa. Abokina ya dubi ƙunshin ya dubi matan a can gangare, ya ce a hankali, "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi."

Abin da ya fi kuɗin ci musu rai, in ji saurayin, shi ne ƙasa. Filin gandu na gwamnati ne, kamfani haya yake yi. Gidan da iyalinsa suka zauna a ciki tun kakannin kakanni ba su da takardarsa, zamansu a ciki ya rataya ne a kan wani daga gidan yana aikin gandu. In uwa ta tsufa sai 'ya ko suruka ta gaje ta, in ba haka ba gida na cikin haɗari. Matasa kuwa guduwa suke yi zuwa Delhi da Bangalore da ƙasashen Larabawa, aikin otal da gadi. Ganyen ma raguwa yake: daga kusan kilo miliyan 14 a shekara a wajajen 1990 ya dawo wajen miliyan 6, bishiyoyi sun tsufa, ruwan sama ya rikice, ga ganyen Nepal mai araha da ke shigowa kasuwa. Wasu gandayen an rufe su an bar ma'aikata da bashin albashi.

Cikin masana'antar ɗumi ne da ƙamshi. Ana baza ɗanyen ganye a dogayen kwamaye, iska na busa shi ta ƙasa dare guda har ya yi yaushi. Da safe injin murza ya murɗe shi, a shimfiɗa shi a ɗaki mai sanyi ya sauya launi, a gasa shi da iska mai zafi, sannan mata su tankaɗe su ware manya da ƙanana. Kilo huɗu zuwa biyar na ɗanye ke ba da kilo ɗaya na busasshe. Tsinka kuma lokaci-lokaci ce: ta farko a Maris da Afrilu, ta biyu a Mayu da Yuni wadda ake ji da ita, sai ta damina, sai ta kaka da muka tarar. Aka jera mana fararen kofuna. Babu madara, babu sukari, balle citta da kanumfari. Ni da na tashi da shayi mai kauri, kurɓar farko ta zo mini kamar ruwan zafi kawai. A ta uku ne na fara jin wani zaƙi-zaƙi a can bayan harshe, kamar na busasshen inabi, ya daɗe bai tafi ba. Na tambayi saurayin ko irin wannan suke sha a gida. Ya ce a'a, su gari-garin da ya rage suke dafawa, da madara, wasu tsofaffin ma da gishiri.

Da daddare mai masauki ta kawo mana garwashi a kasko muka zauna hira. Ita ce ta ba mu labarin Gorkhaland. Mutanen tuddan nan Nepali suke yi, amma daga Kolkata ake mulkinsu, inda Bengali ke sarauta, kuma sun daɗe suna neman jiharsu mai wannan suna. Tsakanin 1986 da 1988, ƙarƙashin jagorancin Subhash Ghisingh, an yi tashin hankalin da ya ci rayuka sama da dubu. A 2017 maganar tilasta koyar da Bengali a makarantu ta sake tayar da wutar, aka rufe tuddan kwana 104, babu kasuwa, babu makaranta, an yanke intanet, tsinka ta biyu ta lalace a kan bishiya. Ta ce abin da ya fi mata ciwo shi ne in ɗanta ya je Delhi a tambaye shi yaushe ya zo daga Nepal, alhali mijinta soja ne, shekara ashirin da biyu ya yi yana tsaron iyakar Indiya. Hotonsa na rataye a bango da furanni a wuyansa.

Washegari muka leƙa makarantar koyon hawan tsauni da aka kafa a 1954, shekara guda bayan Tenzing Norgay da Edmund Hillary sun hau Everest ranar 29 ga Mayu, 1953. Tenzing ne ya jagoranci horo a nan, a garin nan ya zauna har ya rasu a 1986. Na tsaya a gaban gilashin da aka ajiye kayan hawansa. Shi ma da dako ya fara. A 1935 Eric Shipton ya ɗauke shi a nan Darjilin cikin masu ɗaukar wa Turawa kaya, yana saurayi. Gidan namun dajin da ke maƙwabtaka, mai jan panda da damisar ƙanƙara, ratsa shi kawai muka yi, domin ranar Juma'a ce.

Masallacin yana ƙasa kusa da kasuwa, ƙungiyar Anjuman-e-Islamia ke kula da shi. A sahu ɗaya na ga 'yan kasuwar Kashmir masu shagunan darduma, da mahauta da teloli 'yan asalin Bihar, da wasu dattawa masu kamannin mutanen Tibet, waɗanda iyayensu Musulmin Lhasa ne da suka fito bayan 1959. Da Urdu aka yi wa'azi, ban tsinci komai ba sai ayoyin. Bayan sallama aka kewaye mu ana miƙo hannu. Da muka ce Najeriya da Nijar, wani tsoho ya ce ya taɓa zama tanti kusa da mutanenmu a Mina, ya ja mu har wani ɗan shago a lungu, inda muka ci naman farko da hankalinmu ya kwanta da shi tun da muka hawo, romon sa da taliya mai zafi. Ya hana mu biya.

Ranar tafiya hazo ya rufe gari ruf, ko gidan da ke gabanmu ba a gani, balle Kanchanjanga. Na sayi ƙunshi biyu na tsinkar kaka, ɗaya na mahaifina, na cusa su a tsakiyar kaya. Mai masauki ta aika yaro ya kira mai dako, sai ga matar nan ta ranar farko ta ɓullo daga cikin hazon, raɓa ta jiƙa mata mayafi. Ta gane mu, ta haɗa tafukanta a ƙirji. Wannan karon akwatunan sun fi nauyi. Ta ɗaure su, ta tsuguna, ta gyara igiyar a daidai shatin nan na goshinta. Abokina ya zagaya ta baya ya tallafa mata kayan har ta miƙe, ba ta hana shi ba. Saukowa ta fi hawa wuya ga mai kaya, gwiwa ke biya, don haka a karkace take taka kowace matakala, ƙafar dama tukuna sannan ta hagu. Muna biye da ita shiru. A tasha ta taimaka wa yaron mota ya ɗora su a sama, ta ƙirga kuɗinta, ta ga abin da muka ƙara, ta dube mu ta ce, "Dhanyabad, bhai," wato na gode. Kafin direba ya tayar da mota wani mai shago ya ƙwala mata kira, buhun shinkafa biyu na jingine a ƙofarsa, ta fara kwance igiyar daga ƙugunta.